GIDAN SHARI'A NA SAN LUWI: INDA BAWA YA KAI ƘARAR ƳANCINSA

Yau labarin wani gini ne. Ginin yana ƙasar Amurka, a birnin San Luwi, bakin wani babban kogi da ake kira Misisipi. Gidan shari'a ne na gunduma. Mutanen garin suna ce masa Tsohon Gidan Shari'a. Tun shekara ta 1930 aka daina shari'a a ciki, amma ba a rushe shi ba. Har yanzu mutane suna zuwa daga nesa don su gan shi.

Mi ya sa ake tattalin wannan gini? Dalili biyu ne. Na farko, aikin da magina suka yi. Na biyu, wata shari'a da aka soma a cikinsa, wadda ta girgiza ƙasar Amurka duka.

MI AKE NUFI DA GIDAN SHARI'A NA GUNDUMA?

Ƙasar Amurka tana da jaha 50. An rarraba jahohin gunduma-gunduma. Gundumomin sun fi 3000. Kusan kowace gunduma tana da babban garinta, kuma a nan ake gina gidan shari'a.

Aikin gidan ya wuce shari'a kaɗai. A nan ake rubuta gonaki da filaye da sunan masu su. A nan ake ajiye takardun aure. A nan ake rabon gado. Mai bin bashi nan yake zuwa, wanda ake bi ma nan ake kiransa.

Saboda haka a tsakiyar gari ake gina shi, a bar masa fili kewaye. Sau da yawa ana yi masa kai mai tsawo wanda ake hangowa daga nesa. Manomin da ya fito daga ƙauye ba sai ya yi tambaya ba. Ya ɗaga kai kawai, ya ga inda za shi.

GARIN DA FILIN

Fataken Faransa ne suka kafa San Luwi a shekara ta 1764. Shugabansu shi ne Pierre Laclède, tare da wani saurayi mai suna Auguste Chouteau. Sun ba garin sunan wani sarkin Faransa na da. Kada a haɗa shi da San Luwi na ƙasar Sanagal. Suna ɗaya ne, gari dabam.

A 1803 Napoleyon ya sayar wa Amurka da wannan yanki duka, a kan kuɗin Amurka dola miliyan 15. A 1821 aka kafa jahar Misuri, San Luwi yana cikinta.

Tun kafin haka, a 1816, wasu manyan gari biyu sun ba da kyautar fili. Su ne Auguste Chouteau da alƙali John Lucas. Sun sa sharaɗi a rubuce: filin na gidan shari'ar gunduma ne har abada. A riƙe wannan sharaɗi, zai sake fitowa a ƙarshen labari.

An gama gini na farko a 1828. Ƙaramin gida ne na gasasshen tubali. Bai daɗe ba ya yi kaɗan. Jiragen ruwa masu aiki da tururi suna ta kawo kaya da baƙi. Masu tafiya yamma neman ƙasar noma a nan suke yin guzuri. A 1840 mutanen garin wajen dubu 16 ne. A 1860 sun haura dubu 160. In mutane sun yi yawa, rigima ma yawa take yi: ta bashi, ta iyaka, ta gado.

GINI NA SHEKARA 23

A 1839 aka aza tushen sabon gini. Wanda ya zana tsarinsa shi ne Henry Singleton. Ba a tsayar da shari'a don aikin ba. An bar tsohon gidan a tsaye, ana gina sabo a jikinsa. Alƙalai suna aiki, magina suna aiki.

A 1845 aka buɗe babban zauren tsakiya. A 1851 wani mai zanen gini, Robert Mitchell, ya karɓi aikin. Aka rushe gidan 1828, aka tada sabon sashe a gurbinsa, wajen gabas.

Sashen yamma kuwa ya ba da wahala. Akwai wani babban ɗakin shari'a a ƙasa, mai faɗi ƙwarai. Abin da ke bisansa ya yi masa nauyi, rufin ya soma lotsawa. A 1855 aka shiga gyara. Aka ƙara abin tokara, aka sake fasalin wurin. Kowane magini ya san wannan: in ɗaki ya cika faɗi, azara ba ta kai ba, sai an sa ginshiƙi.

Ba a gama ginin ba sai 1862. Shekara 23 ke nan. Yaron da aka haifa ranar aza tushe ya isa aure kafin a gama.

SIFFAR GININ

Da za a duba ginin daga sama, sai a ga kamar hanya biyu sun gicciye juna. Sashe huɗu ne: gabas, yamma, kudu, arewa. Duka sun haɗu a tsakiya. An yi shi da dutse da gasasshen tubali, launinsa fari.

A ƙofar gabas da ta yamma akwai matakala masu faɗi. In mutum ya hau, sai ya tarar da rumfa ta dutse. Manyan ginshiƙai ne suke riƙe da ita, dogaye, ba ado mai yawa. Bisa kansu akwai goshi mai kusurwa uku.

Wannan tsari na Girkawan da ne. Haka suke gina wuraren ibadarsu fiye da shekara 2000 da suka wuce. Amurkawan wancan zamani suna son tsarin. Suna ganin a ƙasar Girka aka fara mulkin da jama'a ke da baki a ciki. Shi ya sa suka yi ta gina gidajen shari'a da bankuna da wannan kama. Suna so wanda ya zo ƙofa ya ji nauyin doka tun bai shiga ba.

Tsakiyar ginin zaure ne kewayayye, kamar an kife ƙwarya a bisa. Wanda ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai zai ga benaye sun kewaye shi, wani bisa wani. Kowane bene yana da ginshiƙansa da wurin tsayawar jama'a. Haske yana saukowa daga can ƙololuwa.

Wannan zaure shi ne dandalin gari. A nan ake manyan taruka. A 1849 an yi taro a ciki kan shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa har bakin tekun yamma. Wani ɗan majalisa na jahar, Thomas Benton, ya yi jawabi a wurin.

ƘUBBAR ƘARFE

Abin da ya fi jan ido shi ne ƙubba. Tun farko ƙarama aka yi. Da ginin ya faɗaɗa, sai ta zama kamar ƙaramar hula a kan babban mutum. Aka ce a sake ta.

Mai ginin tulluwa ya san halin irin wannan rufi. Nauyinsa yana danna ƙasa, kuma yana tura bango waje. In rufin ya yi nauyi, bango ya tsage. Bangon gidan shari'ar kuwa an riga an gina shi. Dole a sami ƙubba babba wadda ba ta fi ƙarfinsa ba.

William Rumbold ne ya kawo dabara. Ya ce a yi ƙashin ƙubbar da ƙarfe. Sandunan ƙarfe ne lanƙwasassu kamar haƙarƙari, a ɗaure su da juna, su haɗu a sama. Sa'an nan a lulluɓe su da fallen jan ƙarfe. Aikin da azara take yi cikin tulluwa, shi ƙarfen yake yi a nan.

Aka yi gardama. Wasu suka ce ƙubbar za ta faɗo wa mutane. Rumbold bai tsaya cacar baki ba. Ya ƙera ƙarama irinta, ya jibga mata kaya masu nauyi, ba ta karye ba. Gani ya kori ji. Aka ba shi aikin.

An kwaikwayi siffar ƙubbar babbar majami'ar birnin Rum. Tana cikin ƙubbobin ƙarfe na farko a Amurka. A wannan lokaci ne ake gina ta majalisar ƙasa a Washinton, amma ta San Luwi ta riga ta ƙarewa.

Daga ƙasa zuwa ƙololuwa mitir 58 ne da ɗan kai. Wajen gaba 32 ke nan, kamar zurfin rijiya mai nisa. Fiye da shekara 30 babu gidan da ya kai shi tsawo a jahar Misuri. Jan ƙarfen kuwa ruwa da iska sun juya launinsa, ya koma tsanwa.

A 1862 wani mai zane ɗan asalin Jamus, Carl Wimar, ya yi manyan hotuna huɗu a cikin ƙubbar. Suna nuna tarihin yankin. Ɗaya yana nuna ranar da Laclède ya sauka don kafa garin. Wimar yana fama da tarin fuka yana aikin. Ya gama, ya rasu a wannan shekara.

ABIN DA MATAKALA SUKA GANI

Ginin yana da kyau, amma an yi mugun abu a ƙofarsa. A wancan zamani doka ta yarda da bauta a jahar Misuri. Bayin jikokin mutanen da aka kwaso daga Afirka ne. A 1860 bayi sun kusa miliyan 4 a Amurka.

Doka tana lissafa bawa cikin dukiya. In mai bayi ya mutu, ko bashi ya ci shi, sai kotu ta sa a yi gwanjon kayansa. A bakin gidan shari'a ake yi. Gona, doki, mutum, duk a jeri ɗaya. Ana iya sayar da uwa ga wani, ɗanta ga wani.

Amma cikin wannan gida akwai wata ƙofa ƙarama. Wata doka ta 1824 ta ba bawa damar kai ƙara in yana ganin an riƙe shi ba bisa ƙa'ida ba. Kotu tana ba shi lauya. Ana hana ubangidansa fitar da shi daga yankin kafin a gama shari'a.

Babbar hujja ita ce wannan. Wasu jahohin Amurka sun hana bauta. In ubangida ya kai bawansa can suka zauna, bawan ya zama ɗa. Ko an maido shi Misuri, ƴancin yana nan. Kotunan Misuri sun daɗe suna yanke haka. Fiye da ƙara 300 irin wannan aka shigar a San Luwi kafin a hana bauta. Waɗanda suka ci nasara ba su kai rabi ba.

SHARI'AR DRED SCOTT

Dred Scott bawa ne. Ubangidansa likitan soja ne, John Emerson. Likitan ya tafi da shi jahar Ilinoyi, sa'an nan wani barikin soja can arewa. Duka wuraren biyu an hana bauta. A barikin ne Dred ya auri Harriet, ita ma baiwa. Suka haifi ƴaƴa mata biyu da suka rayu, Eliza da Lizzie.

Likitan ya mutu a 1843. Iyalin suka koma hannun matarsa, Irene Emerson. Tana ba da su haya, tana karɓar ladan aikinsu. Dred ya nemi ya fanshi kansa da iyalinsa. Ta ƙi.

Ran 6 ga watan Afrilu 1846, Dred da Harriet suka hau matakalan gidan shari'a. Kowane ya shigar da ƙararsa. Ba su iya rubutu ba. A wurin sa hannu, alamar gicciye suka yi. Shekara ɗaya bayan haka, a 1847, jahar Misuri ta yi doka ta hana koya wa baƙar fata karatu da rubutu. Masu bayi sun san abin da suke tsoro.

Ba don kansu kaɗai suka yi ƙarar ba. A dokar lokacin, ɗa yana bin uwa. In Harriet baiwa ce, ƴaƴanta bayi ne, ana iya sayar da su kowace rana. In ta zama ɗiya, su ma sun kuɓuta.

A irin wannan shari'a mutum 12 ake zaɓowa daga cikin gari. Su ne suke sauraron shaidu, su faɗi wanda yake da gaskiya. Alƙali yana tsare doka. A nan duka 12 ɗin fararen fata ne.

Zama na farko an yi shi a 1847, a babban ɗakin nan na sashen yamma. Dred ya faɗi. Ba a ce ba shi da gaskiya ba. Shaidarsa ce ta gaza. Mutumin da aka kira ya ce matarsa ce ta yi cinikin hayar, shi ji kawai ya yi. Kotu ba ta karɓar shaidar "an ce mini". Alƙali Alexander Hamilton ya yarda a sake zama.

A watan Janairu 1850 aka sake. Wannan karo aka kawo shaida sosai. Mutum 12 suka ce Dred Scott da iyalinsa ƴaƴa ne.

Murnar ba ta daɗe ba. Irene Emerson ta ɗaukaka ƙara. A 1852 babbar kotun jahar Misuri ta soke hukuncin, alƙali biyu suka rinjayi ɗaya. Suka yi watsi da abin da kotun ta saba yankewa shekara da shekaru. Dalilinsu shi ne zamani ya sake. Gardamar bauta ta yi zafi tsakanin kudu da arewa, siyasa ta shiga shari'a.

Dred bai bari ba. Aka kai maganar kotun tarayya, an sa sunan John Sanford, ɗan'uwan Irene. Daga nan sai kotun ƙoli ta ƙasa, a Washinton.

Ran 6 ga watan Maris 1857 aka yanke. Alƙali 7 suka rinjayi 2. Shugabansu Roger Taney ya karanta hukuncin. Ya ce baƙar fata jikan bayi, ko bawa ne ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne. Saboda haka ba shi da ikon kai ƙara kotun tarayya. Ya ƙara da cewa majalisar ƙasa ba ta da ikon hana bauta a sababbin yankuna. Shekara 11 ana shari'a, ga inda ta ƙare. Masana doka a yau suna sa wannan hukunci cikin mafi muni da kotun ta taɓa yi.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Irene ta riga ta sake aure. Sabon mijin ɗan majalisa ne mai ƙin bauta. Da jaridu suka tona, kunya ta kama shi. Aka miƙa iyalin ga Taylor Blow. Shi ɗan ubangidan Dred na farko ne, kuma gidansu ne suka taimaka da kuɗin shari'a.

Ran 26 ga watan Mayu 1857, Taylor Blow ya kawo su wannan gidan shari'a ya ƴanta su. Inda aka soma, nan aka ƙare. Dred ya sami aikin ɗaukar kaya a wani otel. Wata 16 kawai ya yi yana ɗa. Tarin fuka ya kashe shi a watan Satumba 1858. Harriet ta rayu har 1876.

Hukuncin Taney bai kashe wutar ba, sai ma ya hura ta. Mutanen arewa suka fusata. A 1860 aka zaɓi Abraham Linkon shugaban ƙasa. Jahohin kudu suka ɓalle. Aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865. Fiye da mutum dubu 600 suka mutu. Ana wannan yaƙi ne aka gama ƙubbar.

A 1865 aka gyara tsarin mulki, aka hana bauta a ƙasar duka. A 1868 aka sake gyara shi: wanda aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, kowane irin launi gare shi. Da haka hukuncin 1857 ya mutu.

Babban sojan da ya ci yaƙin, Ulysses Grant, shi ma ya taɓa zuwa wannan gida. A 1859, yana cikin talauci, ya ƴanta wani bawa da yake da shi, William Jones, maimakon ya sayar da shi. Daga baya Grant ya zama shugaban ƙasa.

MACE MAI NEMAN ƘURI'A

Wata shari'a kuma ta mace ce, Virginia Minor. A 1872 ta je a rubuta sunanta cikin masu zaɓe. Ma'aikacin ya ƙi, don ita mace ce. Ta kai ƙara. A lokacin matar aure ba ta iya kai ƙara ita kaɗai a Misuri. Sai da mijinta, Francis, wanda lauya ne, ya sa hannu tare da ita.

An saurari ƙarar a wannan gida a 1873, ta faɗi. A 1875 kotun ƙoli ta ce mace ƴar ƙasa ce, amma wannan bai ba ta ƙuri'a ba. Virginia ta rasu a 1894. Sai a 1920 matan Amurka suka sami ƙuri'a a ƙasar duka. Ta shuka, wasu suka girbe.

BAYAN AN DAINA SHARI'A

A 1876 mutane suka jefa ƙuri'a, birnin San Luwi ya rabu da gundumarsa. Ginin ya koma hannun birni. Gunduma ta gina nata a wani gari, Clayton.

A 1930 alƙalai suka ƙaura zuwa sabon gini mai benaye da yawa. Sai jikokin Chouteau da Lucas suka tuna da sharaɗin 1816. Suka ce tun da an daina shari'a, a maido musu filin kakanninsu. Suka kai ƙara, kotu ba ta ba su ba. Takarda ta fi shekara 100, amma da ita aka yi gardamar.

Ginin ya yi shekaru yana lalacewa. A 1940 birnin ya miƙa shi ga gwamnatin tarayya. Hukumar kula da wuraren tarihi ta gyara shi, ya zama gidan tarihi. An maido da ɗakin shari'a biyu kamar yadda suke a da. Ɗakin da aka yi shari'ar Dred Scott kam babu shi, gyaran 1855 ya ci shi.

A 1965 aka gama wani ƙaton baka na ƙarfe tsakanin ginin da kogi. Tsawonsa mitir 192, ya ninka ƙubbar fiye da sau uku. A 2012 aka kafa mutum-mutumin Dred da Harriet a harabar gidan. A 2020 aka rufe ginin, aka yi masa babban gyara, aka sa na'urar hawa bene don tsofaffi da naƙasassu. An sake buɗe shi a 2025.

Takardun ƙararrakin bayin nan suna nan a ajiye. Daga cikinsu ne aka san sunayensu, da inda aka kai su, da abin da suka faɗa wa kotu. Da yawansu ba su bar wata alama a duniya ba sai wannan.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A CIBIYA

1. Waɗanne ayyuka ake yi a gidan shari'a na gunduma, ban da yanke hukunci?

2. Wace dabara Rumbold ya yi don ƙubbar ta tsaya? Ina ta yi kama da aikin maginan tulluwa?

3. Mi ya sa Dred Scott ya faɗi a zama na farko? Wane darasi ke nan ga wanda aka kira shaida?

4. Don mi masu bayi suka hana a koya wa baƙar fata karatu da rubutu?

5. A wannan gida an sayar da mutane, a nan kuma aka ƴanta wasu. Mi ke sa gidan shari'a ya amsa sunansa: kyan gini, ko doka, ko mutanen da ke ciki?